Shekarar da Na Ce wa Surukina A'a

Walida, wannan babin naki ne, amma ƙannenki ma su matso su ji. Tun kina rarrafe kike jin kakarki Inna tana cewa ni na tsare ta a Yamai har aka haife ki ba ta nan. Duk ranar salla sai ta maimaita, ku yi ta ƙyaƙyata dariya, ni ina gefe ina cin tuwona kamar ba da ni ake ba. Ban taɓa musa mata ba, domin mutum ba ya jayayya da surukarsa ko da a Amerika ne. To yanzu gemu ya yi fari, bari in rubuta yadda abin ya faru kafin ku kai wa 'ya'yanku labarin da ƙarin gishiri. Inna ba ta yi ƙarya ba, sai dai ba duka ta faɗa ba, kuma ita ma ba duka ta sani ba.

A lokacin, shekarata ta biyu ke nan da buɗe ofishin kaina a gabashin Greensboro. Ɗaki ɗaya ne tak, tsakanin shagon aski da kantin wani mutumin Gana mai sayar da manja da busasshen kifi, har takardun mutane kan koma gida suna ƙarnin kifi. Aikina shi ne cike wa jama'a takardun haraji, abin da mutanenmu suke ce wa taks, 'yan Nijar kuma su ce lanho. A hannun wata tsohuwa baƙar fata na koya, Mis Doris, wadda na yi wa aiki shekara uku tana duba bayana kamar malamin allo. Daga ƙarshen Janairu ofis yake cika, da zarar wuraren aiki sun raba takardar albashin shekara. Kowa sauri yake, saboda rifon, wato rarar da gwamnati take mayar wa mutum in an yanke masa fiye da ƙima. Rifon ɗin nan shi ne girbinmu a nan: da shi ake yankan tikitin gida, da shi ake sauya tayoyin mota, da shi ake yin aure. Direbobin tasi, masu aikin sito, mata masu aikin jinya, duk su zo su jeru a kujeruna huɗu, sauran su tsaya a baranda suna gardamar siyasar gida. Ina son lokacin nan ƙwarai, wallahi har yau in na ji ƙamshin shayi mai citta da sanyin Fabrairu sai in tuna shi.

Abu ɗaya ne yake ɓata mini rai a shekarun nan. Mutanenmu sun fara sayen hannun jari, kuma duk mai hannun jari akwai takardar da kamfanin dillalai yake aiko masa, mai nuna ribar da ya samu da abin da ya sayar a shekara. Sai an haɗa da ita lissafi yake cika. Da can tana zuwa tare da ta albashi, amma da aka sauya dokar ribar hannun jari sai dillalan suka rikice. Wasu su aiko a makare, wasu su aiko yau, bayan mako uku su aiko da wata su ce wannan ce gyararriya, waccan a yar. Ina da kwali a ƙarƙashin tebur na rubuta masa "masu jira" da baƙin alƙalami. Masu jiran nan ba sa jira da baki rufe. Mutum ya bugo da safe, ya bugo da yamma: Malam Habu, kowa ya ga rifon ɗinsa sai ni, ko da wani abu ne? Ka yi bayani har maƙogwaro ya bushe, ya ce to, gobe ya sake bugowa. Wasu suka kwashe takardunsu suka kai inda ba a tambaya. Ni dai na san in watan Maris ya yi nisa duk kwalin nan a kaina zai zube lokaci guda.

Ban taɓa zaton takardun uban matata za su shiga kwalin ba.

Kakanku Alhaji, Allah ya kai haske kabarinsa, Badamagare ne, ni kuwa Bakano. Kun san akwai wasa tsakaninmu da Damagarawa, kuma mamanku Rabi ta sha tsiya a wurina tun kafin aure, ita ma ba ta raga mini ba. Amma uban matarka ba abokin wasanka ba ne. Ya daɗe yana aiki a siton wani kamfanin kujeru, yana zaune a McLeansville cikin wani ƙaramin gida mai fili a baya, inda yake noman yakuwa da kuɓewa kamar yana bakin tafkin garinsu. In na je gaishe shi, tun daga matakala nake tuɓe takalmi ko da ƙanƙara ake, in durƙusa, kaina a ƙasa, in gaida shi in tashi kafin a kawo abinci. In muka haɗu a masallaci sai in sauya sahu. Ban taɓa kiran sunansa ba, kun ga ko a nan ban rubuta ba. Shi ma haka yake da ni: a gabana bai taɓa dariya har haƙori ya fito ba. Saboda wannan kunyar ne bai taɓa kawo mini takardunsa ba, wani yake kai wa, don ta ina suruki zai ga albashin uban matarsa?

Inna kuwa tana Damagaram duk tsawon shekarun nan. Mamanku karatun jinya ta zo, ta zauna wurin mahaifinta, Inna ta tsaya tana jinyar tata tsohuwar har Allah ya karɓi abarsa. Sai bayan nan Alhaji ya shigar da takardun ɗauko ta, abin ya yi ta ja. Aka ɗaura aurenmu ba ta nan, mamanku ta yi kukan da ba na amarci kaɗai ba. Da ta samu cikinki sai ta ce mini abu ɗaya take roƙon Allah, uwarta ta iso kafin ta haihu, ita za ta yi mata wankan jego, ita za ta fara ɗaukar jaririn. Likita ya ce farkon Afrilu. Cikin ikon Allah, bayan Babbar Salla da 'yan kwanaki, a watan Janairu, aka kira Inna ganawa a ofishin jakadanci a Yamai. Muka yi murna har mamanku ta taka rawa da tulun cikinta a tsakar falo. Komai ya yi daidai, sai abu guda: a takardar harajin da Alhaji ya bayar, samunsa ya yi ƙasa, domin a waccan shekarar an yi masa aiki a baya ya yi wata biyar a kwance. Suka ce a kawo ta shekarar da ta ƙare, in ta nuna ya koma aiki sosai za su buga biza. Inna ta zauna a Yamai gidan wata 'yar'uwarsu tana jira.

Mai yi wa Alhaji takardu ya riga ya ƙaura zuwa wata jiha. Ran nan da yamma mamanku ta dawo daga McLeansville ta ajiye mini wata ambulan a kan tebur, tana murmushi.

"Baba ya ce a ba wa mai biro. Ya ce a yi da wuri."

Mai biro, wato mai ofis, ni ke nan. Na buɗe ambulan kamar na buɗe ɗakinsa ba sallama. Takardar albashi lafiya lau, ta wadatar har da rara. Amma da na duba kwafin bara sai na ga wani ɗan layi: ribar hannun jari. Ashe kamfaninsu yana yankar wani abu a albashi yana saya wa ma'aikata hannun jari, kuma Alhaji ya daɗe a ciki. Ke nan akwai takardar dillalai da ya kamata ta zo, ga shi babu ita a ambulan. Na ce wa mamanku ta buga masa waya ta tambaya. Wayar gida ce mai igiya, ta riƙe, ni ina tsaye a gefenta, kuma na san sarai yana jin muryata, ni ma ina jin tasa.

"Ki ce wa Baba, Allah ya ƙara girma, ko wata wasiƙa ta zo daga masu hannun jari?"

"Baba, wai ko wata wasiƙa..."

"Na ji. Ki faɗa masa wasiƙa ta zo, amma ba papiyen ba ce, ba takardar da yake nema ba. Sun ce sai ƙarshen Fabrairu. Ki ce masa ya bar wannan, ya cika dosiye, takardun harajin nan, da abin da ke hannunsa."

"Ki ce wa Baba, ai da an ɗan jira..."

"Ki ce masa uwarki tana zaune gidan mutane a Yamai. Ki ce masa ya cika."

Ya ajiye waya. Mamanku ta dube ni, ita har lokacin abin dariya yake ba ta, ta ce mu biyun nan sai ka ce yara. Ta ɗauka washegari zan cika in aika. Washegari ta zo ta wuce, jibi ma haka. Kwana biyar ina kewaye-kewaye, yau in ce kwamfuta ce, gobe in ce jama'a sun yi yawa. Ranar ta shida ta zo ofis da kanta, ta leƙa ƙarƙashin tebur, ta ga ambulan ɗin mahaifinta a cikin kwalin masu jira. Ba ta ɗaga murya ba, ita ba ta iya wannan ba. Ta dafa bayan kujera ta ce:

"Habu, uwata ce fa. Ba direban tasi mai jiran rifon ba ce. Ka ƙirga makonnin da suka rage mini?"

Na ƙirga, kullum ina ƙirgawa. Na ji kunya, na ji tsoro, kuma na ji haushin dillalan nan da ban taɓa gani ba, waɗanda suke zaune a wani birni ba su san akwai wata tsohuwa a Yamai ba. Na rufe ofis da rana tsaka na tafi wurin Mis Doris. Ta saurare ni tana kallona ta saman tabarau, sannan ta yi magana da Turancinta na kudu mai jan harshe. Ta ce sa hannun mai cike takarda rantsuwa ce. In ban san da hannun jarin ba, wannan kuskure ne, ana gyarawa. Amma na gani da idona, in na sa hannu kamar babu, na san abin da na yi. Ta ce kuma wannan takardar ba a ofishin haraji kaɗai za ta tsaya ba, a teburin masu biza za ta kwana, da sunan tsohon da na tsohuwar a kanta. Har na miƙe zan fita ta ƙara da cewa in daina ɗora wa mai ciki saƙon da nake tsoron kaiwa, in je in faɗa masa da bakina. Ita ba ta san abin da ta ce in yi ba. A wurinta magana ce kawai tsakanin maza biyu.

Ranar Asabar da hantsi na kama hanyar McLeansville. Sau biyu ina wuce kwanar gidan da gangan. Na tarar da shi a bayan gida da hular sanyi, yana juya ƙasa da cebur don shukar bazara. Na tuɓe takalmi na durƙusa a kan ƙasar nan mai sanyi kamar ƙarfe, na gaishe shi, ya amsa, sannan na ƙi tashi. Ya duba bayana ko 'yarsa tana tafe, ya ga ni kaɗai ne. Sai ya kife wani bokiti ya turo mini da ƙafa.

"Zauna. Ƙasa da sanyi."

Ban taɓa zama a gabansa a kan wani abu mai tudu ba sai ran nan. Na zauna a gefen bokitin, na ce:

"Baba, a yi mini aikin gafara. Ba zan iya cikawa ba sai takardar nan ta zo."

"Ba za ka iya ba, ko ba za ka yi ba?"

"Ba zan yi ba, Baba."

Kai! Da na ji kalmar ta fita daga bakina sai da na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya soka cebur a ƙasa ya jingina da shi.

"Akwai masu yi a bakin titi. Minti talatin, ba su tambayar komai."

"Akwai, Baba. In an ce in mayar da ambulan, yau zan kawo. Amma in wata rana aka ce takardar da ta shigo da Inna ƙasar nan ba ta cika ba, ni ban san da wane ido zan dubi Rabi ba."

Na ɗauka kora ce za ta biyo baya. Sai ya ja wani bokitin ya zauna, ba ya kallona, yana kallon shingen maƙwabci.

"Papiyen nan, in ta zo, me da me take nunawa?"

"Ribar shekara, Baba. Da abin da aka sayar, in an sayar."

"Da ranar da aka sayar?"

"Da ranar."

Ya gyaɗa kai. Ya ce to ba sai ta zo ba, gara in ji daga bakinsa. Ya sayar, duka, ko ɗaya bai bari ba, mako biyu kafin ɗaurin aurenmu. Uwar yarinya ba ta nan, babu gwaggo, babu inna, shi ne uwa shi ne uba, kuma ba zai kai 'yarsa gidan miji a ce Damagarawa sun kawo amarya ɗaki wayam ba. Gado, kujeru, firiji, labule, tukwane, har tabarmar salla. Abin da ya tara shekara da shekaru don ranar da ƙarfi zai ƙare, shi ne nake kwana a kai, shi ne nake zama a kai ina shan shayi ina miƙe ƙafa. Ni a zatona adashe ya ɗauka, ban taɓa tambaya ba.

"Uba ba ya nuna wa miji abin da ya kashe wa 'yarsa," in ji shi. "Shi ya sa na ce ka bari. Rabi ba ta sani ba, uwarta ma ba ta sani ba. Kar su ji."

Idona ya cika. Na sunkuyar da kai ina kallon yatsun ƙafata da suka yi fari don sanyi, na kasa cewa komai sai Allah ya saka da alheri, na maimaita ya fi sau biyar. Na riƙe masa wannan sirrin har ya koma ga Ubangijinsa, sai bayan arba'in ɗinsa na faɗa wa mamanku. Ku kuma yau kuka ji.

Daga baya sai na ce masa tunda an sayar, akwai wani aikin. A lokacin takardar dillalai abin da aka sayar kawai take nunawa, ba ta faɗin nawa aka saya. In ba mu kawo shaidar saye ba, za a ɗauka duka riba ce. Na tambaye shi ko yana ajiye 'yan takardun da suke aiko masa duk wata uku. Ya dube ni kamar na zage shi, ya ce shi bai taɓa yar da takarda mai hatimi ba. Na ce alhamdu lillahi, suna ina? Ya ce suna inda ake ajiye abu mai daraja, a akwatin ƙarfe, ƙarƙashin gadon uwar Rabi. A Damagaram. Duk zuwan da ya yi gida, da duk wanda ya samu mai tafiya, sai ya ba da su a kai, domin a ganinsa nan wurin neman abinci ne, gida kuwa can ne. Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba, a gaban surukina, a kan bokiti. Ya harare ni, sai kuma na ga kafaɗarsa tana girgiza.

Haka Inna, baiwar Allah, ta hau mota daga Yamai ta koma Damagaram, tafiyar yini guda cur, aka ce mata wasu takardu ake nema na dosiye. Ba ta karanta Turanci, don haka ta kwashi duk abin da ke cikin akwatin ta kai wani shagon waya mai na'urar faks, ta zauna ta ce wa mai shagon ya tura duka, kar ya zaɓa. Wata Laraba da hantsi na'urar faks ta ofishina ta fara kuka, ba ta yi shiru ba sai da takardata ta ƙare na ruga kantin ɗan Gana na aro. Wasu shafukan a kife suka fito, wasu a karkace. Ga katin rigakafin Alhaji na zuwa Makka, ga rasit ɗin keken ɗinki, ga hoton mamanku tana 'yar firamare ya fito baƙi ƙirin sai fararen idanu biyu. Na manna shi a bango, ta yi mako guda tana roƙona in cire. A ranar Alhaji ya fara taka ofishina. Ya zauna a kujerar kwastoma da tabarau a hanci, yana jera takardun shekara-shekara, yana miƙo mini ɗaya bayan ɗaya, kai tsaye, ba ɗan aike. Ya ciro gyaɗa daga aljihu ya zuba mini a kan tebur. Ban iya ci a gabansa ba, sai da ya tafi na cinye har ɓawon da ya maƙale. Ba shafin da ya ɓace, na shekara ɗaya ma sau biyu ya zo.

Komai ya kammala sai takarda ɗaya. Ƙarshen Fabrairu ya zo, maimakon ita sai wata wasiƙar ban haƙuri: sai tsakiyar Maris. Na buga musu waya ya fi sau goma, kiɗa suke sa mini in yi ta saurare, a ƙarshe wata murya mai ladabi ta ce suna bakin ƙoƙarinsu. Inna ta koma Yamai ta ci gaba da zama. Mamanku ta daina tambayata, kuma wannan ya fi mini ciwo da tambayar. Tana dafa mini abinci, tana amsa gaisuwa, amma tsiyar Kanawa da Damagarawa ta ɗauke a gidan. Alhaji kuwa ya koma ɓangarena ba tare da ya faɗi dalili ba. In ta yi masa ƙorafi sai ya ce ta bar mai biro ya yi aikinsa, ita kuma ta rasa abin da na ba ubanta ya sha. Kullum in ya tashi aiki sai ya tsaya a bakin akwatin wasiƙarsa ya jira motar gidan waya, har mai rabon ya san shi suna ɗaga wa juna hannu.

Wata Alhamis da azahar na hango motarsa ta shigo da gudun da ban san yana yi ba, ta tsaya a karkace ta cinye wurin mota biyu. Ya shigo da ambulan a hannu bai buɗe ba, ya ce:

"Ga ta. Buɗe da bismilla."

Mutum shida ne a ofis suna jiran layi, duk suka ce a fara da Alhaji. Kafin la'asar na gama, ya sa hannu, na sa nawa a ƙasa, muka aika wa hukuma, muka kai kwafi wurin masu kai saƙon gaggawa zuwa Yamai. Abin da ya ƙaru a kansa na haraji bai kai kuɗin rago ba. Kuma bari in faɗa muku gaskiya, tunda don ita na zauna rubutun nan: mai yiwuwa da na cika tun Fabrairu babu wanda zai lura. Mai yiwuwa da Inna ta iso da wata guda a hannu. Ban sani ba, har yau ban sani ba. Abin da na sani shi ne na zaɓa, kuma ba ni na biya mafi yawan kuɗin zaɓin ba.

Domin ke, Walida, ba ki jira Afrilu ba. Kwana goma sha ɗaya kika yi gaggawa, halin da har yau ba ki bari ba. Wata Juma'a da safe kika zo, kina tsala ihu kamar an taɓa miki abinci, ni da wata maƙwabciyarmu 'yar Maraɗi ne kawai a asibitin. Da aka miƙo mini ke na yi miki kiran salla a kunne, farin ciki kamar ya kashe ni. Na juya na ga mamanku tana kallon ƙofa. Kwana uku bayan nan aka buga wa Inna biza. Matan unguwa suka yi iya yinsu, Allah ya biya su, wannan ta kawo farfesu, waccan ta zo ta dafa ruwan wanka kafin ta wuce aiki. Mamanku tana yi wa kowa godiya, tana murmushi, kwanukan kuwa suna komawa kicin kusan yadda suka zo.

Ranar da kika kwana shida, ana gobe suna, ni da Alhaji muka tafi filin jirgi a mota ɗaya. Ya sa babbar rigarsa ta salla, ya fesa turare har sai da na ɗan sauke gilashi. Shekara shida rabonsa da ita. Muka hango ta tana tahowa a hankali, 'yar ƙaramar mace da mayafi shuɗi, ta rungume wata jaka a ƙirji ta hana ma'aikacin jirgi ya taɓa. Suka tsaya da ɗan tazara tsakaninsu.

"Kin zo?" in ji shi.

"Na zo. Ka rame."

Shi ke nan gaisuwar shekara shida. Ni kuwa na durƙusa a tsakiyar filin jirgi, Turawa suna kewaye ni da akwatunansu. Ta ce wannan ne mai takardun? Alhaji ya ce shi ne. Ta ce hm, Bakano, ai dole. Daga ranar ta fara, ba ta daina ba.

Da muka iso gida falo cike yake da mata ana soyayyar suna, aka ɗauki guɗa har maƙwabcinmu na sama ya leƙo. Inna ba ta tsaya amsa sannu da zuwa ba, ko mayafi ba ta cire ba, ta ce ina ɗakin? Na bi ta da jaka na tsaya a bakin ƙofa. Kina kwance a gadonki cikin farin zani, kowa ya zaci kanki za ta yi. Ta wuce ki. Ta je ta zauna a bakin gado kusa da 'yarta, ta kama fuskarta da hannu biyu ta duba, ta taɓa mata ciki ta ce:

"Wa ya ɗaure miki wannan? Ai bai ɗauru ba. Tashi in gyara."

Mamanku ta fashe da dariya da kuka a haɗe, ta kifa kai a cinyar uwarta. Sai na ji ta yi magana da wata 'yar siririyar murya ta ƙaramar yarinya, muryar da ban taɓa jin ta da ita ba:

"Inna, yunwa nake ji."

Kwana shida ina kai mata abinci har gado, kwana shida tana ce mini ta ƙoshi. Na ajiye jakar a bakin ƙofa, na share idona da hannun riga, na tafi kicin na ce wa matan nan su sauke abin da ke kan wuta, Inna za ta dama kunu.